Ciniki ya ragu kaɗan, riba ta tafi gaba ɗaya

'Yan'uwa, in ɗan kasuwa ya ce "babu kasuwa", sai mu ce kukan daɗi yake, tunda butikinshi cike yake da kaya. To ku zo mu yi lissafi.

A ce mai sayar da siminti da kwano a Maraɗi yana cinikin miliyan guda na sefa a wata. Sarin kayan ya ci jika 800, saura jika 200. Haya, albashin yara, wutar NIGELEC da haraji sun ɗauke jika 150. Ribarshi jika 50, wato kashi 5 cikin 100.

Yanzu ciniki ya sauka zuwa jika 800. Bayan kuɗin sari, jika 160 ta rage. Amma mai gida bai rage haya ba, ba a rage haraji ba, yara na jiran albashi. Riba ta koma jika 10. Ciniki ya ragu da kashi 20, riba ta ragu da kashi 80! In ya sauka zuwa jika 750, aikin banza aka yi. Ƙasa da haka, uwar kuɗi ake ci.

Mun ga wannan da idonmu. Da Nijeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019 har Disamban 2020, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta yi tsit. A 2023 takunkumin CEDEAO ya zo, kayan da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Kuɗin mota ya hau, aljihun masu saye ya bushe.

Kuma wa ke fara shan bugu? Yaron shago da ɗan dako, don albashi shi ne abin da patiro ke iya yankewa yau ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Shi ya sa muke kira: ma'aikatar haraji da magadan gari su ƙiyasta haraji kan cinikin bana, kar a dogara da na shekarun albarka, kuma a bari a biya kashi-kashi. Masu gidajen haya su sassauta, butikin da aka garƙame ba ya biyan ko dala. Ku kuma 'yan kasuwa, ku riƙa rubuta ciniki kullum, don da baki kawai ba a cin gardama da mai karɓar haraji. In kora ta zama dole, ku biya yaro haƙƙinshi cikakke.

Allah shi buɗa mana kasuwa.