Muhawara a Aji da Sanin Iyakar Abin da Aka Sani

Ɗalibin da ya tashi a Aboabo ko Asawase, cikin zangon Kumasi, ba ya buƙatar littafi kafin ya san cewa ledar ruwa kan toshe kwatami, ambaliya ta biyo baya da zarar damina ta kankama. Abin da darasin kimiyyar muhalli ya kamata ya ƙara masa shi ne iya bambance abin da ya gani da idonsa, da wanda ya ji a bakin mutane, da wanda yake zato kawai. Wannan ƙwarewa ita ce masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, John Flavell, ya bayyana a shekarun 1970 da tunani a kan tunani. Manhajar da Gana ta ɓullo da ita a 2019 ta sanya zurfin tunani cikin ginshiƙanta, amma hadda ba ta haifar da shi.

Muhawara tana iya haifar da shi. A ɗauki batun hana sayar da ruwan leda a Kumasi. Ɓangare ɗaya zai kafa hujja da sharar da ta cika rafin Aboabo da na Subin. Ɗaya ɓangaren zai kawo gidajen da babu famfo, da matan da ke cin abinci da tallar ruwan a Kejetia. Duk wanda ya ce leda ce sanadin ambaliya, sai an tambaye shi yadda ya cire gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa daga lissafinsa. A nan ne yake gane inda iliminsa ya tsaya.

Sai dai akwai sharaɗi. Idan aka bar muhawara ta zama gasar iya baki, mai ƙarfin murya ne zai ci, ya fita da ƙarin yarda da kuskurensa. Don haka ƙuri'a ce za ta raba ɓangarori, ta yadda wani zai kare ra'ayin da ba nasa ba. Kafin a fara, kowa ya rubuta abin da ya tabbatar da shi da dalilinsa. Bayan an gama, ya rubuta hujjar da ta girgiza shi. Maki mafi yawa ya tafi ga wanda ya nuna raunin hujjarsa da kansa.

Malamai za su ce jarrabawar BECE ba ta bar lokaci ba. Amma ɗalibin da ya san abin da bai fahimta ba shi ne ya san shafin da zai sake buɗewa kafin ranar jarrabawa.