Ranar da Halas ya je roƙa wa abokan gabarsa ƙuri'a

A ƙarshen watan Maris na 1956, wani dattijo ɗan shekara 61 ya taso daga birnin Shikago ya yi arewa, tafiyar sama da kilomita 300, zuwa wani ƙaramin gari mai suna Green Bay a jihar Wisconsin ta Amurka. Sunansa George Halas, kuma babu mutumin da 'yan garin suka fi jin haushinsa kamar shi. Shi ne mamallakin ƙungiyar Chicago Bears, shi ne ya daɗe yana horar da ita, shi ne wanda ake yi wa ihu duk ranar da ya kawo 'yan wasansa garin. Amma a wannan karon ba wasa ya kawo shi ba. Ya zo ne ya tsaya gaban taron jama'a ya roƙe su da su kaɗa ƙuri'ar amincewa a gina wa ƙungiyarsu, Green Bay Packers, sabon filin wasa. Tsohon filin na katako ne, ya yi kaɗan, kuma sauran masu ƙungiyoyi sun fara matsa lamba cewa in ba a yi sabo ba, sai dai Packers ta tattara ta koma Milwaukee, babban birnin kasuwancin jihar. Kwanaki kaɗan bayan taron aka yi ƙuri'ar raba gardama, masu cewa a gina suka rinjaya da fiye da ninki biyu.

Wannan tafiyar ta Halas ita ce abin da na fi riƙewa a duk tarihin hamayyar ƙungiyoyin nan biyu, hamayyar da aka kara a cikinta sama da sau 200, fiye da kowace a gasar NFL ta ƙwallon ƙafar Amurka. Ina ganin duk wanda ya fahimci dalilin tafiyar ya fahimci bambancin abokin hamayya da maƙiyi.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba, ƙwallon ƙafar Amurka ya fi kama da zari-ruga. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, sanye da hular kwano da kariyar kafaɗa. Ana gudu da ƙwallon a hannu ko a jefa shi, wanda ya kai shi gidan abokan karawarsa ya samu maki 6, wanda ya buga shi da ƙafa ya bi tsakanin turaku biyu ya samu maki 3. Wasa ne na karo da ƙirji, shi ya sa fushi ba ya nisa da shi.

Duka ƙungiyoyin biyu 'ya'yan masana'anta ne. A 1919 wani matashi mai suna Curly Lambeau, ma'aikaci a kamfanin sarrafa nama na Indian Packing, ya karɓi dala 500 daga wurin aikinsa ya sayi riguna da kayan wasa, daga nan sunan Packers ya samo asali. Ita kuwa Bears ta fara ne a garin Decatur na jihar Illinois, a matsayin ƙungiyar kamfanin sitaci na A. E. Staley, inda Halas ya karɓi ragamarta a 1920. Shekara guda bayan haka ya ɗauke ta zuwa Shikago, a 1922 ya raɗa mata sunan da take amsawa har yau. Fili ɗaya suke amfani da shi da ƙungiyar wani wasan mai suna Cubs, wato 'ya'yan beyar, sai ya ga tunda nasa 'yan wasan sun fi ƙiba da girma, su ne iyayen.

Ranar 27 ga Nuwamba, 1921 suka fara haɗuwa a Shikago, masu gida suka ci 20 da nema. A wannan wasan na farko ɗan wasan Shikago John Taylor ya kai wa Howard Buck na Packers naushi ya fasa masa hanci. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda za ta yi zafi. Watanni kaɗan bayan haka aka kori Packers daga gasar saboda ta sa ɗaliban jami'a a wasa da sunayen aro, abin da doka ta hana. Lambeau ya yi ta faɗi-tashi har aka mayar da su. Mutanen Green Bay har gobe Halas suke ɗora wa laifin tsegunta su, kuma abin da ya ƙara musu ƙaiƙayi shi ne ɗaya daga cikin ɗaliban, Hunk Anderson, a Bears ya ƙare a 1922. A 1924 kuma aka kori Frank Hanny na Bears da Tillie Voss na Packers daga fili saboda dambe, karon farko ke nan da aka kori 'yan wasa kan faɗa a tarihin gasar.

To mutumin da aka yi duk wannan da shi, me zai kai shi neman wa Green Bay fili? Wasu za su ce lissafin aljihu ne, domin babu wasan da ke cika masa fili kamar na Packers. Ban musa ba. Sai dai akwai wani tsohon bashi a tsakani. A 1932, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, Halas ya kasa biyan Packers kasonsu na kuɗin ƙofa, su kuma maimakon su tona masa asiri, sai suka karɓi takardar alkawarin dala 1,500 suka jira shi. Kuma Halas ya ga abin da ya faru da sauran ƙananan garuruwa da idonsa. Canton, Akron, Rock Island, Duluth, Pottsville, duk sun taɓa samun ƙungiyoyi a gasar, duk sun rasa su. Ta garin Portsmouth an sayar da ita ta koma Detroit a 1934. Green Bay kaɗai ta rage, kuma ya san in ta faɗi, rabin labarin tasa ƙungiyar ya faɗi tare da ita.

Abin da ya tsayar da Green Bay ya cancanci a ɗan dakata a kansa. Tun 1923 ƙungiyar ba ta da mai ita guda ɗaya. Ta jama'a ce. Duk lokacin da ta shiga matsi ko ta buƙaci gyaran fili, sai ta sayar wa magoya baya hannun jari, an yi haka a 1923, 1935, 1950, 1997, 2011 da 2021. A na ƙarshen, dala 300 ake sayar da kowane ɗaya. Hannun jarin ba ya kawo riba ko ta kwabo, ba a sayar da shi a kasuwa, kuma an ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai iya mallaka don kada wani attajiri ya wayi gari ya haɗiye ƙungiyar. Duk da haka masu riƙe da shi sun haura rabin miliyan, a garin da mazaunansa ba su wuce 107,000 da 'yan kai ba. Shikago kuwa tana da mutum miliyan 2.7. Saboda haka duk karawarsu karawa ce tsakanin ɗan ƙauye da ɗan birni, tsakanin ƙungiyar gari da ƙungiyar gida ɗaya, domin Bears har yau tana hannun zuriyar Halas. 'Yan Illinois kan tsokani 'yan Wisconsin da suna masu kan cuku, saboda jiharsu ta makiyayan shanu ce da masu sarrafa madara. Su kuma sai suka mayar da zagin kirari, suka dinga zuwa fili da hular soso mai siffar yankin cuku a ka. Wannan irin tsokanar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya tashi ya ga yadda taubasai ke yi wa juna.

An buɗe sabon filin ranar 29 ga Satumba, 1957, mataimakin shugaban ƙasa Richard Nixon na cikin baƙi. Da wa aka buɗe shi? Da Bears. Packers ta ci 21 da 17. Shi ne filin da aka sa wa sunan Lambeau bayan rasuwarsa a 1965, kuma a nan suke wasa har yanzu. Shekara biyu da buɗe shi Vince Lombardi ya zo a matsayin koci, wasansa na farko ya doke Bears 9 da 6, ya kuma ɗauki kofin ƙasa sau biyar cikin shekara bakwai. A 1962 ya lallasa Halas 49 da nema. A 1963 dattijon ya rama, ya doke Packers gida da waje, ya ɗauki kofinsa na ƙarshe. Babu wanda ya raga wa wani a fili. Amma a daidai wannan zamanin ne masu ƙungiyoyin manyan birane, har da Halas, suka amince a raba kuɗin talabijin daidai wa daida tsakanin kowa da kowa, kuma da ba don wannan ba, garin da bai kai unguwa ɗaya ta Shikago ba da tuni ya fita daga sahu.

Akwai lokacin da abin ya ɓaci, kuma ba na son a lulluɓe shi da sunan zafin hamayya. Halas ya rasu a 1983. Shekarun da suka biyo baya Mike Ditka ke horar da Bears, Forrest Gregg ke horar da Packers, tsofaffin 'yan wasa biyu da ba sa ga-maciji tun suna fili. Bears na kan ganiyarta, ta ɗauki kofin Super Bowl a Janairun 1986, Packers kuwa ba ta da abin nunawa sai ƙarfin tuwo. Ranar 23 ga Nuwamba, 1986, ɗan bayan Packers Charles Martin ya shigo fili da tawul a ƙugu, an rubuta lambobin 'yan wasan Bears da yake hari a jiki. Bayan Jim McMahon na Bears ya jefa ƙwallo, ya juya baya, ba ya cikin shirin komai, Martin ya sungume shi ta baya ya maka shi da ƙasa a kan kafaɗar da dama take da rauni. McMahon bai sake wasa ba a wannan kakar. Alƙalin wasa Jerry Markbreit ya kori Martin nan take, hukumar gasar ta dakatar da shi wasa biyu kacal. Har yau akwai masu ba da wannan labarin suna murmushi, kamar wata jarumta. A wurina ƙeta ce tsagwaronta. Wanda ya kasa kayar da kai a kokawa ya bi ka ta baya da gora bai ƙara wa kokawa daraja ba. Halas ya yi wa Packers duk wata dabara da doka ta bari, wani lokacin har da wadda ba ta bari ba, amma burinsa ya ga sun dawo baɗi su sake karawa. Burin Martin kada McMahon ya sake tashi.

Ranakun da suka fi daɗin tunawa ba su da jini a cikinsu. A 1989 Don Majkowski na Packers ya jefa wa Sterling Sharpe ƙwallon nasara ana dab da tashi, alƙali ya ce ya ƙetare layin da aka yarda a yi jifa, aka koma kallon hoton bidiyo na wasu mintuna, aka soke hukuncin, Packers ta ci 14 da 13. Bears ta yi shekaru tana sa wa sakamakon alamar tauraro a littafinta na shekara-shekara, don nuna ba ta yarda ba. Shekara goma bayan haka, kwana shida da rasuwar gwarzonsu Walter Payton, Bears ta je filin Lambeau, Packers ta samu bugun kusa da za ta ci wasa da shi a daƙiƙar ƙarshe, sai Bryan Robinson na Bears ya daka tsalle ya tare ƙwallon da hannu. Sakamakon 14 da 13 ne kuma, wannan karon na Shikago.

Damuwata da hamayyar a yau ta wani fannin ce daban. A 1992 Bears na gaba da ratar nasara 24 a jimillar karawarsu. A shekarar ce Brett Favre ya zo Green Bay, bayansa Aaron Rodgers ya gaje shi, wato shekara 30 ke nan Packers na da gwanin jifa a hannu, yayin da Shikago ke ta sauya nata kamar riga. Ratar ta narke, a 2017 Packers ta shige gaba, abin da rabon a gani tun farkon shekarun 1930. Ranar 23 ga Janairu, 2011 suka haɗu a wasan da zai fitar da mai zuwa Super Bowl, a filin Soldier Field na Shikago, Packers ta ci 21 da 14. Kofin da aka miƙa mata a ranar sunan George Halas ne a jikinsa, kuma makonni biyu bayan haka ta doke Pittsburgh ta ɗauki babban kofin mai sunan Lombardi. A Oktoban 2021 Rodgers ya kai ƙwallo gida a wannan filin dai, ya juya ga 'yan kallo yana ihun cewa har yanzu shi ne ubangidansu. Magoya bayan Packers sun ji daɗi. Ni kuwa na ga alamar ciwo ce, domin ranar da ɗaya ya tabbata zai ci tun kafin a busa usur, an daina karawa, an koma karɓar haraji. Kofunan ƙasa 13 da Packers ke taƙama da su sun yi nauyi ne saboda maƙwabciyarta na da 9.

Daga 2019 Packers ta jera nasara 11 a kan Bears ba tare da tuntuɓe ba. A Nuwamban 2024 Shikago ta kusa karya ƙofar, ɗan wasanta Cairo Santos ya zo bugun ƙarshe, aka tare shi, aka tashi 20 da 19. Makonni bakwai bayan haka, ranar 5 ga Janairu, 2025, aka sake haɗuwa a filin Lambeau cikin tsananin sanyi. Bears ta shigo ne da shan kashi goma a jere a wuyanta, an riga an sallami kocinta, ba ta da abin da take nema a kakar. Agogo ya zo ƙarshe tana baya da maki ɗaya, aka sake kiran Santos, wannan karon daga yadi 51. Ƙwallon ya bi tsakanin turakun, 24 da 22. A ranar ce Virginia McCaskey, 'yar George Halas kuma mai ƙungiyar tun rasuwar mahaifinta, ta cika shekara 102 a duniya. An haife ta ne wata 13 da 'yan kwanaki bayan wasan farko na 1921. Ta rasu ranar 6 ga Fabrairu, wata ɗaya bayan nan, kuma wasan ƙarshe da ƙungiyarta ta buga tana raye shi ne wannan, a filin da mahaifinta ya je roƙon a gina.