A Lura Da Tankunan Ruwan Asibiti

'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, musamman mutanen Jama'a da Kagoro da Zonkwa, sun yi murna da labarin da ya zo a 2025, cewa Gwamnatin Tarayya za ta mai da Asibitin Patrick Yakowa na Kafanchan cibiyar lafiya ta Tarayya. Murna ce da ta dace. To, amma akwai abu guda da ba a faɗinsa ran bikin buɗe gini, watau ruwan da za a yi wa majiyyaci wanka da shi.

Akwai wata ƙwayar cuta, Lijiyonela, wadda ke hayayyafa cikin ruwa mai ɗumi, tsakanin digiri 20 da 45, musamman in ya kwana cikin tanki ko bututu mai tsatsa. Mutum yakan shaƙe ta ne cikin feshin shawa ko na famfo, ta sa masa ciwon huhu mai tsanani. Tsofaffi da masu ciwon suga da mashaya taba su ta fi kayarwa.

An fara saninta a 1976, sa'ad da ta kashe wajen mutum 30 bayan taron tsofaffin sojoji a wani otal na Filadelfiya, a Amurka. Har wa yau a can, tsakanin 2011 da 2012, ta halaka majiyyata a asibitin tsofaffin sojoji na Fitsbag, ta hanyar ruwan famfo.

In haka ta auku a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, ina ga inda tukunyar lantarki kan huce rabin yini, baƙin tanki kuwa ya wuni a rana? Wannan ba zargin wani asibiti ba ne, gargaɗi ne tun da sauran lokaci.

Maganin ba shi da tsada. A riƙe ruwan tukunya a digiri 60, a rufe tankuna, a riƙa wanke su, a saki famfunan da ba a amfani da su kowane mako. A ɗora aikin a wuyan ma'aikaci guda, da littafin da zai riƙa sa hannu.

Ƙungiyoyin 'yan gida da ke Kudu, masu tara kuɗi su sayi tanki su kai gudummawa, lalle su ware na wankinsa, su kuma nemi ganin littafin nan in sun je gida hutu. Iyayensu ne za su kwanta a gadajen. Allah ya sa a ji.