Ba Kowane Rauni Ne Basir Ba

A tashar mota ko bakin kasuwa, duk inda aka girke tsohuwar mota da lasifika a kanta, cutar maza ba ta wuce biyu: basir ko sanyi. Magidanci ya ce sha'awarsa ta ja baya, basir ne. Ya ce yana yini da kasala, basir ne mai tsiro. Shekara biyar da aure babu ko ɓatan wata, to wannan sanyi ne, kuma na uwargida. Ana shelar haka da kalaman da ba za ka so ɗanka ya ji ba, jama'a kuwa na miƙa kuɗi suna sunne ƙulli a aljihu. Ba raina maganin gargajiya nake yi ba, amma basir kumburin jijiyoyin dubura ne, ba shi da hanyar da zai bi ya rage wa namiji ƙwayoyin haihuwa.

Abin da ake ta kewayewa, kunya ta hana a ambata, shi ne 'ya'yan maraina. Aiki biyu Allah ya ɗora musu: samar da ƙwayoyin haihuwa da ke cikin maniyyi, da samar da sinadarin testosteron. Wannan sinadari ne ke buɗe muryar yaro idan ya balaga, ya fito masa da gemu, ya gina masa tsoka, daga baya kuma ya ci gaba da riƙe sha'awa da ƙwarin ƙashi da yawan jini. Sai dai maraina ba sa aiki da ra'ayin kansu. Akwai wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake a ƙasan ƙwaƙwalwa, likitoci na kiranta fituwitari, ita ke aiko musu da umarni ta cikin jini. Saboda haka idan aiki ya yi rauni, ko dai marainan ne suka samu matsala, ko kuwa umarnin ne ba ya zuwa. Maganin wannan daban, na wancan daban, kuma babu mai iya rabe su da ido.

A ɓangaren marainan, hangum na cikin manyan masu ɓarna. A jikin ƙaramin yaro kumburin kumatu ne na 'yan kwanaki, amma idan ya kama wanda ya riga ya balaga yana iya sauka ƙasa ya kumbura maraina, wani lokaci ya bar su a motse. Akwai buguwa, akwai maganin cutar daji, akwai sikila wadda ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Akwai jaririn da aka haifa ɗan marainansa bai sauko ba, wanda ya kamata a yi masa aiki tun bai kai shekara ɗaya da rabi ba, amma sai a bar shi har ya girma. Akwai murɗewar ɗan maraina, ciwo mai tsanani da ke zuwa wa matashi farat ɗaya. Wannan idan aka wuce kamar awa shida ba a shiga tiyata ba, sau da yawa an rasa shi ke nan. Sannan akwai wanda da abinsa aka haife shi, kamar larurar da likita Harry Klinefelter ya bayyana a Amurka a 1942, wadda ke samun kusan namiji ɗaya cikin 600. Da yawansu ba sa sanin suna da ita sai neman haihuwa ya kai su asibiti.

Wanda ya fi yawa a yau, duk da haka, shi ne wanda muke jawo wa kanmu. Teɓa ba alamar hutu kawai ba ce, kitsen ciki yana juya testosteron ya koma sinadarin mata. Ciwon suga na rage testosteron. Minshari mai ɗauke numfashi cikin barci na rage shi. Sai kuma uwa uba tiramadol da kodin. Abin takaici, matasa da dama suna haɗiyar tiramadol ne wai don su daɗe wurin iyali, alhali wannan dangin ƙwaya yana toshe umarnin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma kowa ya san ba a daina sha ba. Saurayin da ya shekara biyar yana wannan harka, ya zo ya yi aure ya ga jiki ya ƙi, ba sammu aka yi masa ba.

Shekaru ma na da nasu rabo. Daga wajen arba'in testosteron kan ragu da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara, a hankali, kuma yawancin dattawa ba sa faɗawa ƙasa da ƙa'ida. Tsufa ba cuta ba ne.

To ta yaya mutum zai gane ƙarancin testosteron? Alamun da suka fi nuni su ne mutuwar sha'awa, ɗaukewar miƙewar gaba da asuba, ƙanƙancewar maraina, tasowar nono, raguwar gemu da gashin jiki, da karaya a kan 'yar faɗuwa. Kasala da saurin fushi kuwa ba hujja ba ne. Magidancin da kuɗin makaranta da na haya suka haɗe masa a wata ɗaya ba ya buƙatar wata cuta kafin ya kwana yana juyi. Haka nan rashin ƙarfin gaba shi kaɗai, sau da yawa daga jijiyoyin jini yake, sakamakon hawan jini ko suga ko taba, har ma yakan zama gargaɗin farko na ciwon zuciya. Mai irin wannan idan ya sha haɗin da aka cakuɗa da sinadarin Viagra a ɓoye, abin da hukumomin magunguna suka sha ganowa a kayan da ake cewa tsantsar itatuwa ne, kuma ya zamana yana shan wasu magungunan ciwon ƙirji, jininsa na iya faɗuwa warwas.

Hukunci na gwajin jini ne. Ana ɗibar jinin da safe, kafin ƙarfe goma, ba a karya ba, domin sinadarin da safe yake hawa ya sauka da yamma. Ba a yi ana cikin zazzaɓi, kuma ba a yanke magana da gwaji ɗaya, sai an maimaita wata rana. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta ɗauki ƙasa da nanogiram 300 a kowace desilita a matsayin ƙaranci, in har akwai alamu tare da shi. Daga nan likita zai auna sinadaran fituwitari don ya san inda gizo ke saƙa. Asibitocin koyarwa na Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri duk suna da masu wannan fanni.

Kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai ne ke faɗawa tarkon masu talla. A 1889 wani babban malamin likitanci a Paris, Charles Brown-Séquard, yana da shekara 72, ya sanar da cewa ya yi wa kansa allurar ruwan marainan kare da na ɓeran Masar, kuma ƙuruciya ta dawo masa. Likitoci suka yi caa a kan abin, Turai da Amurka. Daga baya bincike ya nuna abin da ke cikin ruwan bai kai ya yi komai ba, zuciyarsa ce ta raya masa. Sai a 1935 aka tace testosteron na ainihi.

Na ainihin kuwa shi ne ya fi ba ni tsoro yanzu, domin ya fara yawo a kemis da wuraren ɗaga ƙarfe ba tare da takardar likita ba. Idan aka zuba wa jiki testosteron daga waje, ƙwaƙwalwa takan yi kamar maigidan da ya leƙa ya ga rumbu cike, ya ce wa manoma su tafi gida. Umarni ya tsaya, maraina su daina aiki, ƙwayoyin haihuwa su ƙafe. Wannan ba zato ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar a matsayin maganin hana haihuwa na maza, kuma sakamakon da aka buga a 1990 ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na mazan ƙwayoyinsu sun ɗauke ƙaf cikin wata shida. Yawanci sukan dawo bayan an daina, amma ana ɗaukar watanni, wani har shekara biyu. Ka duba halin mutumin da ke neman ɗa ido rufe, abokinsa ya kai shi aka yi masa allurar ƙarfi, ya ji jiki ya miƙe, yana murna, bai san da kuɗinsa ya sayi maganin hana haihuwa ba. A gida kuwa matarsa ce ke shan jiƙe-jiƙe da gorin dangin miji, ana zuga shi ya ƙaro wata. Kusan rabin matsalar rashin haihuwa tsakanin ma'aurata da hannun namiji a ciki, kuma gwajin maniyyi ya fi gwaje-gwajen mata sauƙi da araha nesa ba kusa ba.

Wanda aka tabbatar yana da ƙarancin testosteron, magani na yi masa aiki sosai, ko allura ko na shafawa. Wani babban gwaji da aka buga a 2023, na maza fiye da 5,000 masu haɗarin ciwon zuciya, bai ga ƙaruwar bugun zuciya ko shanyewar jiki ba, ko da yake an ga ɗan ƙarin rikicewar harbawar zuciya da daskarewar jini a huhu. Shi ya sa dole likita ya riƙa duba kaurin jini da lafiyar furostet, kuma ba a bai wa mai dajin furostet. Mai neman haihuwa akwai wasu magungunan da ke zaburar da marainan kansu maimakon su kwantar da su. Wani ma ba ya buƙatar komai illa ya rage teɓa, ya daidaita suga, ya rabu da ƙwaya.

Roƙona ga iyayenmu mata da 'yan'uwan miji: idan haihuwa ta yi jinkiri shekara guda, a tura su asibiti su biyu, ba ita kaɗai ba. Malamanmu masu wa'azin aure su taimaka su faɗi wannan a kan mumbari. Kai kuma Malam, kafin ka yarda a soka maka allurar da ba a auna ka ba, ko ka kai kuɗin neman wata, je a gwada jininka da safe sau biyu, a gwada maniyyinka.