Bindigar Auna Zafi Da Na'urar Yatsa: Kayan Asibitin Da Korona Ta Bar Mana A Kasuwa

Duk wanda ya zauna a Legas ko Ibadan a 2020 zai tuna bindigar auna zafin jiki. A ƙofar banki, a ƙofar babban kanti, har a ƙofar wasu masallatai, sai an ɗora maka ita a goshi kafin ka wuce. Kuma wa ke riƙe da ita? Sau da yawa ɗan'uwanmu ne mai gadi, wanda aka miƙa masa ita da safe aka ce in ta yi ja kada ya bar mutum ya shiga. Na taɓa tsayawa a wata ƙofa a Agege, mai gadin ya auna ni, na leƙa na ga 32. Ya ce, "Wuce Alhaji, lafiyarka ƙalau." Mutumin da zafin jikinsa ya sauka zuwa 32 da gaske ai ba banki ya kamata ya nufa ba, asibiti za a kai shi da gaggawa. Ba laifin mai gadi ba ne. Ba wanda ya gaya masa cewa rana da gumi da nisan da ya tsaya suna canza abin da na'urar ke nunawa, ba kuma wanda ya san daga ina aka kawo ta. Da jita-jita ta bazu cewa wai tana taɓa ƙwaƙwalwa, sai aka koma auna mutane a hannu, abin ya ƙara zama wasa.

Abin da korona ta yi wa kayan aikin asibiti ke nan a taƙaice. Ta fito da su daga hannun likita da nas, ta zuba su a kasuwa da goslo da ɗakunanmu, a daidai lokacin da hukumomin da ke tantance su a duniya suka sassauta ƙofa saboda gaggawa. Cutar ta lafa, kayan suna nan.

An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas ya wuce jihar Ogun. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja, Ogun kuma bayan 'yan kwanaki. A tsakanin waɗannan ranaku biyu, takunkumin fuska da safar hannu da man goge hannu suka yi tashin gwauron zabo, domin kusan duk daga waje muke sayo su, akasari daga Sin, ita kuwa masana'antunta sun tsaya a farkon shekarar. Ƙasashe da dama suka hana fitar da nasu. Da masana'antun suka dawo aiki, kamfanonin da ba su taɓa yin kayan asibiti ba suka tsunduma ciki, kowa na neman nasa rabon.

Manyan ƙasashe su suka fara shan kashi. A watan Maris na 2020 Sifaniya ta mayar da kayan gwajin gaggawa da ta sayo daga wani kamfanin Sin, bayan ta gano cewa kusan mutum uku kawai suke kamawa cikin goma masu cutar. Holan ta janye takunkumi kusan 600,000 da ta riga ta raba wa asibitoci. Hukumar FDA ta Amurka, wadda duniya ke kallo a matsayin mai tsauri, ta ba da dama a tsakiyar Maris a riƙa sayar da kayan gwajin jini na korona ba tare da ta duba su ba tukuna. Kasuwa ta cika da tarkace, a farkon Mayu ta janye wannan sassaucin. Tarayyar Turai kuma tana da sabuwar doka mai tsauri kan na'urorin asibiti da za ta fara aiki a Mayun 2020, sai ta ɗage ta da shekara guda don kada kaya su yanke. Ita kanta Sin, da ta ga sunanta na ɓaci, daga 1 ga Afrilu ta ce ba mai fitar da irin waɗannan kaya sai yana da rajista a gida.

Ban ga laifin sassaucin kansa ba. In gida na ci da wuta ba a tsayawa tambayar bokitin wa aka ɗauko. Amma tambayar da ta shafe mu ita ce, kayan da Turai ta ƙi karɓa, da waɗanda aka ƙera fiye da kima bayan kasuwa ta faɗi, ina suka nufa? Duk ɗan kasuwa ya san kaya ba ya komawa masana'anta, inda ƙofa ta fi sauƙi yake bi.

A nan gida NAFDAC ce ke da alhakin yi wa na'urorin asibiti rajista, tun daga sirinji har zuwa injin ɗaukar hoton ciki. Hukumar ta yi suna ne a yaƙi da jabun magunguna, musamman zamanin marigayiya Dora Akunyili, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga ta zuwa mataki na uku a sa ido kan magunguna da alluran riga-kafi. Wannan abin yabo ne. Sai dai na'ura ba ƙwaya ba ce. Ƙwaya ana kai ta ɗakin gwaji a narkar a ga ko sinadarin da aka rubuta yana ciki. Na'ura kuwa tana iya zama ta gaske ranar da ta shigo, bayan wata shida a shagon da zafi ke dukanta, ko batir ya yi sanyi, ta fara faɗin abin da ba shi ba. Tana buƙatar a riƙa daidaita ta lokaci-lokaci, da wanda ya iya gyaranta, da hanyar da mai amfani zai kai ƙara in ta yi ƙarya. Waɗannan ukun su ne suka fi ƙaranci a wurinmu.

An ga amfanin gwaji na gaskiya a lokacin. Majalisar da ke kula da masu aikin ɗakunan gwaje-gwaje ta ƙasa tana da ɗakin tantance kayan gwaji a Yaba, kuma a 2020 ta sanar cewa kayan gwajin gaggawa na korona da ta fara dubawa ba su kai ma'aunin da ake bukata ba. Waɗanda aka kai mata ke nan. Wanda ya shigo da nasa a cikin kwantenar kayan waya ai ba zai kai kansa Yaba ba.

Sai kuma 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, mai nuna yawan iskar oksijin a jini. Kafin korona sai a asibiti ake ganinta. Yanzu tana kyamis na unguwa, tana gidajen masu asma da tsofaffi, wasu ma tsaraba suke kai wa iyaye in za su je gida Sallah. Tana aiki ne da haske: tana haska yatsa, ta lissafa abin da ya ratsa. A Disambar 2020 likitocin Jami'ar Michigan a Amurka suka wallafa wani bincike da ya tayar da ƙura. Sun kwatanta abin da na'urar ta nuna da abin da gwajin jini ya nuna, suka tarar a cikin marasa lafiyan da na'urar ta ce suna tsakanin 92 da 96, kusan kashi 12 cikin ɗari na baƙaƙen fata iskar jininsu ta riga ta faɗi ƙasa da 88. A farar fata bai kai kashi 4 ba. Wato kusan ninki uku. Na'urar na cewa lafiya lau alhali mutum na buƙatar a sa masa iska.

To me ya jawo? Ka'idar FDA ta 2013 ta yarda a gwada irin wannan na'ura a kan mutum goma kacal, biyu daga ciki masu duhun fata. Kamfanin da ya cika wannan bai karya doka ba, dokar ce ba ta yi lissafi da mu ba. Birtaniya ta kafa kwamitin bincike a kan lamarin, ya fitar da rahoto a 2024, sannan a Janairun 2025 FDA ta fito da daftarin sabuwar ka'ida da ke neman a gwada a kan mutum 150 ko fiye, masu launin fata iri-iri. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, Amurka da Birtaniya inda baƙar fata tsiraru ne su ke wannan muhawara. Mu da kusan kowa baƙi ne, takardar amincewar Turai ko Amurka da ke jikin kwali ita muke dogaro da ita. Su kuwa masu arahar da suka cika kasuwa, da yawa ba a ma sayar da su a matsayin kayan asibiti a can, na 'yan motsa jiki ne, ba wanda ya tantance su.

Wannan ba ya nufin a jefar da ita. Tana da amfani, musamman in ana bin yadda lambar ke sauka daga safe zuwa yamma. Amma yatsa mai sanyi, da jan farce, da baƙin lalle suna iya rikita ta. In Baba na haki, yana kasa ƙarasa magana, leɓensa ya canza launi, kada wani ya ce ai na'ura ta nuna 95. A kai shi asibiti.

Ta ɓangaren ƙera kaya a gida, an yi ta alkawari. Telolin Aba sun ɗinka takunkumi ba adadi, jami'o'i da hukumomi suka riƙa nuna na'urorin taimaka wa numfashi da suka harhaɗa. Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya har roƙon Elon Musk ta yi a Twitter ya taimaka mana da irin waɗannan na'urori, daga baya ta goge saƙon. Amurka ta ba mu 200 a Agustan 2020. Da zagaye na biyu na cutar ya zo a Janairun 2021 sai aka gane cewa abin da ya fi yanke mana shi ne iskar oksijin kanta: gwamnatin Legas ta ce buƙatar tukwanen iska a cibiyar Yaba ta ninka kusan sau biyar, Shugaba Buhari ya amince da kafa injinan samar da iska a wurare 38. Na'urar numfashi ba ta da amfani in babu iska, babu wuta, babu wanda ya iya sarrafa ta.

Bayan ƙura ta lafa, hoton a gauraye yake. Kamfanin sirinji na Jubilee da ke Akwa Ibom, wanda aka buɗe a 2017 da babban biki, ya dakatar da aiki a ƙarshen 2023. A Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin cire haraji na shekara biyu a kan injina da kayan haɗin da masu yin magunguna da kayan asibiti ke shigowa da su. A 2025 aka buɗe masana'antar Codix Bio a Shagamu, mai yin kayan gwajin gaggawa. A Fabrairun 2025 kuma NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Idumota da Anacha da Aba na makonni, ta kwashe kaya tirela-tirela. Labarin da aka fi ji a kan magunguna ne, amma a layukan nan ɗin ake sarin na'urar awon hawan jini da ta sukari da tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro.

A nan ne abin ya zo kanmu kai tsaye, domin a sarƙar da ke kai waɗannan kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa zuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri akwai hannun mutanenmu: mai sari, mai lodi, direba, da mai kyamis a Sabo. Wanda ya sari katan ɗin na'urar sukari mai araha bai yi niyyar cutar kowa ba, amma wani tsoho a ƙauye zai dogara da lambar da ta nuna ya ƙara ko ya rage magani. Kafin a biya kuɗi a duba lambar rajistar NAFDAC da sunan kamfanin da ya shigo da kayan, a duba ranar lalacewar tsinken gwaji, a karɓi rasit. Wanda kuma ya riga ya sayi tasa ta gida, ranar da zai je ganin likita ya tafi da ita, a auna shi da ta asibiti, a auna shi da tasa, a ga tazarar da ke tsakani.