Tabarau na VR da kwaikwayon tuƙin jirgin sama a Jihar Kebbi

Tabarau na VR wata na'ura ce da ake ɗaurawa a fuska, mai ɗauke da ƙaramin allo a gaban kowane ido, wadda ke nuna wa mai sanye da ita hoto kamar yana cikin wurin da yake kallo. Idan ya juya kansa, hoton ma sai ya juya. A wasannin kwamfuta na kwaikwayon tuƙin jirgin sama, na'urar tana sa mai wasa ya ga kansa zaune a kujerar matuƙi, yana duba agogunan jirgi yana leƙen ƙasa ta taga. Daga shekarar 2020 farashinta ya sauko sosai a kasuwar duniya. Sai dai ga ɗalibi a Birnin Kebbi ko Argungu, kuɗin tabarau shi ne kaso mafi ƙanƙanta a lissafin. Kwamfutar da za ta ɗauki wasan, wutar lantarki da intanet su ne suka fi cin kuɗi.

Tarihi

Koyon tuƙin jirgi a ƙasa ya girmi kwamfuta. A shekarar 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera na'urar Link Trainer, wadda aka horar da dubban matuƙa da ita a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin Microsoft ya fitar da wasansa na Flight Simulator a karon farko a 1982. Sabon fitowar wasan ta watan Agustan 2020 ta zana duniya baki ɗaya daga hotunan tauraron ɗan'adam, kuma a watan Disamba na wannan shekarar aka ƙara masa damar amfani da VR. Wasannin X-Plane da DCS World su ma suna aiki da tabarau. Akwai kuma FlightGear, wanda kyauta ake sauke shi, kuma ana iya buga shi a kan allon kwamfuta.

Tabarau masu sauƙin kuɗi

Na'urar da ta karya farashi ita ce Quest 2, wadda ta fito a watan Oktoban 2020 a kan dala 299. Kamfanin Meta, mai Facebook, ya biyo ta da Quest 3 a 2023 a kan dala 499, sannan Quest 3S a watan Oktoban 2024 a kan dala 299. Bambancinsu yana cikin allo da gilashi. Quest 2 da Quest 3S suna da ɗigon hoto 1832 sau 1920 a kowane ido, Quest 3 kuma tana da 2064 sau 2208 tare da siririn gilashi da ke fito da hoto tar har gefe. Wannan yana da muhimmanci a wasan jirgi, domin matuƙi yana karanta ƙananan lambobin tsayi da gudu ne a kowane lokaci. Idan rubutun ya dushe, dole ya riƙa miƙa wuya kafin ya gani.

Masu sayen na hannu suna da abin lura. HP Reverb G2 ta 2020 ta yi suna a wurin masu wasan jirgi saboda kyan hotonta, amma ta dogara ne da manhajar Windows Mixed Reality. A watan Disamban 2023 Microsoft ya sanar da daina wannan manhaja, kuma ya cire ta daga Windows 11 a sabuntawar 24H2. Saboda haka arahar da ake ganin irin wannan na'ura tana yi a kasuwar 'yan gwanjo tana da dalili.

Dalilin sha'awa a Kebbi

Filin Jirgin Sama na Sir Ahmadu Bello yana Ambursa, a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, kuma an gina shi a zamanin Gwamna Sa'idu Ɗakingari. Daga wannan fili ne jirgin farko na maniyyatan Najeriya ya tashi a watan Mayun 2024, a gaban Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima. Yaran da suka taso a wannan yanki suna ganin jirgi yana sauka yana tashi, amma hanyar zama matuƙi tana da nisa da tsada. Babbar makarantar koyon wannan aiki ita ce Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964.

A cikin Flight Simulator mai wasa zai iya bin fadamar Rima ta sama daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, tazarar kimanin kilomita 50, ya ga gonakin shinkafa da karkatar gulbi. Gidajen da zai gani kuwa kwamfuta ce ke ƙiyasta siffarsu daga hoton tauraron ɗan'adam, don haka ba su kai na manyan biranen Turai da Amurka kama da zahiri ba.

Ainihin lissafin kuɗi

Tun bayan da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024. A kan wannan canji, tabarau na dala 299 ya kai kusan naira 450,000 kafin kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato tabarau kaɗai ya haura albashin wata shida.

Na biyu, tabarau ba ya ɗaukar waɗannan wasanni shi kaɗai. Ana haɗa shi da kwamfuta ta wayar USB ko ta Wi-Fi, kuma kwamfutar ce ke zana hoto biyu, ɗaya ga kowane ido, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Idan ta gaza, hoton yana sarƙewa, mai wasa ya fara jin jiri da tashin zuciya. Kwamfutar da ke da katin hoto mai ƙarfin yin wannan aiki ta ninka tabarau tsada. Ga Flight Simulator 2024, wanda ya fito a watan Nuwamban 2024, Microsoft ya ba da shawarar gigabait 32 na RAM.

Na uku shi ne intanet. Flight Simulator 2024 yana janyo yawancin taswira da hotunan ƙasa daga intanet a lokacin da ake wasa, kuma gudun da aka ba da shawara shi ne megabit 50 a daƙiƙa. Ga mai sayen data a waya, wannan kuɗi ne da ake biya a kowane tashi. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, amma yana buƙatar sayen kwano da biyan kuɗin wata. A nan X-Plane yana da fifiko, domin ana sauke taswirarsa a ajiye a kwamfuta.

Na huɗu ita ce wuta. Jihar Kebbi tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, tare da Sakkwato da Zamfara. Kwamfutar wasa tana jan ɗaruruwan watt, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar tafiya tana katse ta nan take. Janareta ya ƙara tsada tun cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, sola mai batir kuma jari ne na daban. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Birnin Kebbi, kuma kwamfuta tana rage gudunta da kanta idan ta yi zafi. Ƙurar hunturu ita ma tana toshe fankokinta.

Wasa da horo

A watan Afrilun 2021 hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Tarayyar Turai, EASA, ta amince da na'urar horo ta VR a karon farko, ta jirgi mai saukar ungulu samfurin Robinson R22, ƙirar kamfanin da a yanzu ake kira Loft Dynamics. Wannan na'ura tana da kujera mai motsi da cikakkun kayan tuƙi, kuma hukuma ta gwada ta. Wasan gida bai kai wannan matsayi ba, kuma sa'o'in da aka yi a kansa ba sa shiga lissafin lasisi. A Najeriya hukumar NCAA ce ke ba da lasisin tuƙi, bayan horo a makarantar da ta amince da ita da gwajin lafiya. Amfanin wasan shi ne sanin agogunan jirgi, karanta taswira, bin jerin matakan tashi da sauka, da sabawa da Turancin da ake magana da hasumiya. Illarsa ita ce wanda ya koya ba malami yana iya ɗaukar ɗabi'ar da sai an sha wahala kafin a raba shi da ita.

Hanyar da ta fi dacewa

Tun da kwamfuta da wuta da intanet ne suka fi tsada, kuma mutum ɗaya ba ya amfani da su duk yini, lissafin ya fi sauƙi idan mutane da yawa suka yi tarayya a kan na'ura guda. Haka gidajen kallon ƙwallo da shagunan PlayStation suke aiki a garuruwan Arewa. Makarantu irin su Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu suna da ɗalibai masu yawa a wuri ɗaya, inda kujera guda za ta iya zagaya aji. Ga wanda zai fara shi kaɗai, tsarin da ya fi aminci shi ne kwamfuta da sandar tuƙi tukuna, ya koya a kan allo, sannan ya sayi tabarau idan ya tabbatar kwamfutar za ta iya ɗaukarsa.