Ƙidayar Dukiya Da Rediyo: Kada A Bar Fatakenmu A Baya

Duk wanda ya saba da karar shanu ta Oko-Oba a Agege ya san irin gardamar da kan tashi in tirela ta iso daga Arewa. Mai dukiya ya ce ya loda kaza, direba ya ce biyu sun mutu a hanya, dillali kuwa ba shi da shaida sai ɗan littafinsa da rantsuwa. Ta haka amanar shekaru takan rushe a yini guda.

Alhali kuwa akwai dabarar da ta rage wannan rigima a wasu ƙasashe, watau RFID, gane kaya ta hanyar igiyar rediyo. Wata 'yar alama ce mai ƙwayar lantarki da siririyar eriya, kowace da lambarta. Galibinsu ba su da batir. In aka kusanto da na'urar karantawa, sai alamar ta sami wuta daga igiyar rediyon, ta aika da lambarta, kwamfuta ta rubuta rana da lokaci. Lambar zane-zanen nan ta jikin kwalin kaya sai an haska ta ɗaya bayan ɗaya, amma wannan ana iya karanta da yawa a tare, ko suna cikin kwali.

Ba baƙon abu ba ne. Fasfon Nijeriya da aka soma bayarwa a 2007 yana ɗauke da irin wannan ƙwaya, haka ma katin Cowry na shiga motocin BRT a Ikko. A 2003 kamfanin Walmart na Amurka ya umarci manyan masu kawo masa kaya guda 100 su liƙa ta kafin Janairun 2005. A Ostareliya kuwa doka ta wajabta maƙala ta a kunnen shanu.

To, ba a ce ba ta da aibu ba. Ƙarfe da ruwa sukan dagula karatunta, na'urar tana da tsada, kuma mai sayar da albasa a Mile 12 ba zai liƙa wa kowane buhu ba. Amma sa guda ya fi kuɗin alamarsa nesa ba kusa ba, saboda haka a kara ya kamata a fara.

Abin da ya dace shi ne ƙungiyoyin fatake da sarakunan Hausawa su haɗa kuɗi su sayi na'ura biyu, ɗaya a wurin lodi, misali Potiskum ko Maigatari, ɗaya a wurin saukewa, su kuma koya wa 'ya'yansu aikin. In suka yi jinkiri, wani zai zo ya kafa, lissafin dukiyarsu ya koma hannunsa, ya riƙa karɓar la'ada a kan kowace dabba.

Na'ura ba ta mai da maci amana mutumin kirki, amma takan wanke mai gaskiya daga zargi. Allah Ya sa shugabannin kara su duba.